Ɗan Akwatin da Ƙidayau Bai Taɓa Ba

Ja kujerar nan ka matso kusa, ka kife wayar tukuna, ba inda za ta gudu. Labarin wani bawan Allah zan ba ka, wanda ake ce wa Ƙidayau. In ka taɓa ratsa jami'a ta ƙofar baya ka ga wani dogon mutum mai ɗan ranƙwafawa, igiyoyin kwamfuta rataye a wuyansa kamar mai tallarsu, sukundireba a aljihun gaba inda mutane ke soke biro, to shi ne ka gani.

Ubansa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, don haka cikin warin dalma ya buɗe ido. Karatunsa bai yi zurfi ba. Da ya sami 'yar difloma sai ya kama shago a ƙofar jami'a yana buga wa ɗalibai kundin gama karatu. Nan wata rana wani Farfesa ya shigo masa a firgice, rungume da kwamfuta kamar mai kai jariri asibiti. Ta mutu, kuma littafin da ya shekara shida yana rubutawa yana cikinta. Kwana biyu Ƙidayau ya yi a kanta, ya fito da littafin ko waƙafi bai ɓata ba. Farfesa ya dube shi, ya dubi shagon, ya ce, "Yaro, me kake yi a wannan akurkin? Ana neman irinka a ciki." Ya nemi aikin, aka gwada shi, ya ci da guminsa.

Sauran kuwa autar Farfesa ce ta ƙarasa. Ta riƙa kawo masa kwamfutarta gyara duk mako, kwamfutar da lafiyarta ƙalau. A zuwa na bakwai ya ce, "Wai ni me ke damunta ne?" Ta ce, "Ita ba abin da ke damunta, mai gyaran ne ba ya ganewa." Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure. Tun ranar Farfesa bai sake kiransa da komai ba sai "ɗana", a gida da ofis, ko a gaban wa.

To, bari in gaya maka aikin nasa, don nan ne gizo ke saƙa. Idan masani ya rubuta takardar bincike, wani masanin a wata ƙasa ya karanta, ya kafa hujja da ita a tasa takardar har ya sa ta cikin jerin manazarta, an yi ambato ɗaya ke nan. Akwai wani babban rumbun bayanai a intanet da ke tara waɗannan ambato. Duk ƙarshen shekara jami'a na son ta san binciken wa ya fi shiga duniya, sai Ƙidayau ya zauna a ɗan ofishinsa da ke ƙarshen baranda, ya buɗe shafin malamai ɗaya bayan ɗaya, su ɗari uku da wani abu, yana kwafe lambar kowa zuwa wani dogon jadawali. Daga nan ya sami sunan. Wanda ya zo na ɗaya a tsangaya ana ba shi allon yabo na katako, da sunansa a rubuce da ruwan zinare.

Amma akwai doka guda da kwamitin ba da allon ya rubuta: ambaton kai ba ya shiga lissafi. Wato in mutum ya ambaci tsohuwar takardarsa a cikin sabuwa, wannan ba yabon duniya ba ne, shi ya yabi kansa. A gefen hagu na kowane shafi akwai wani ɗan akwati, bai kai ƙwayar wake ba. In ka taɓa shi alama ta fito a ciki, sai manhajar ta zubar da ambaton kai ta bar na mutane. Abin haushin, da ka buɗe shafin wani malamin sai alamar ta goge, dole ka sake taɓawa. Sau ɗari uku da wani abu. Ƙidayau ya saba har hannunsa na yi ba tare da kansa ya sani ba.

Shekara huɗu da suka wuce, yana tsakar aikin, ya buɗe shafin surukinsa ke nan sai ga sakatariya da gudu: majigi ya ƙi kamawa a ɗakin taro, baƙi na zaune. Ya tashi ya je. Kamar kullum, ba abin da ya sami majigin, ba a kunna soket ba ne. Ya dawo ya ga lamba a allo, ɗari takwas da wani abu, ya kwafe ya wuce na gaba.

Farfesa ya zo na ɗaya. Ranar da aka miƙa masa allon, tsohon nan da ya shekara talatin da biyar yana binciken ƙwarin da ke cinye hatsi a rumbu, wanda abokan aiki ke tsokana da "Sarkin Ƙwari", sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya kafa allon a falo, sama da talabijin. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ƙara da cewa, "Kuma ɗana ne ya ƙirga. Shi ba ya kuskure."

Bayan mako biyu Ƙidayau ya koma shafin don wani abu daban, hannunsa ya taɓa akwatin bisa sabo. Lambar ta faɗo daga ɗari takwas zuwa ɗari da talatin. Ya cire alamar, ta hau. Ya mayar, ta faɗo.

Kada ka ɗauka tsohon maguɗi yake yi. Fanninsa ne ba kowa a ciki sai shi, kowace takarda a kan ta baya ya ɗora ta, kamar mai jera bulo, to wa zai ambata in ba kansa ba? Amma doka doka ce. Da an bi ta, wata malama ce ta ɗaya, mai binciken tsabtace ruwan rijiya, wadda ake ce wa Daktar Ƙarƙashin Bene, saboda ɗakin gwajinta tsohon sito ne a ƙarƙashin matakala, inda dogo ba ya miƙewa tsaye.

Ƙidayau ya ce gobe zai faɗa. Gobe ta yi, ya je gaishe da surukin nasa, wanda yake kira Baba, ya tarar da shi yana goge allon da gefen rigarsa, ya haɗiye maganar. Shekara ta zagayo. Yanzu in ya taɓa akwatin, kowa zai tambaya yaya ɗari takwas ta koma ɗari da talatin, asirin bara ya tonu. Sai ya ɗauke hannunsa, wannan karon yana sane. Shekara ta uku ma haka. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Alluna uku suka jeru a falon, shi kuwa ya koma zama a kujerar da ke ba su baya. Auta har tana yi masa tsiya: "Kai da kujerar nan kamar da ita aka haife ka."

Abin da ya fi ci masa rai, Daktar ba ta taɓa zarginsa ba. Takan leƙo ofishinsa da fara'a in firintarta ta cije takarda. Wata rana ta ce, "Malam Ƙidayau, ka san na zauna na ƙirga nawa da hannu? Ɗaya bayan ɗaya. Daidai da naka ya fito, ko ɗaya bai ɓace ba. Kai dai Allah ya yi maka albarka, da irinku ake samun barci." Ya ce amin, idonsa na cikin firinta. Ya daɗe yana neman takardar da ya riga ya ciro.

A shekara ta huɗu abin ya wuce allon katako. An gama sabon ɗakin gwaji a bene na biyu, mai tagogi shida da famfo a kowane teburi, kwamiti ya ce na wanda ya zo na ɗaya ne. Ƙidayau ya zauna gaban shafin Baba tun safe har aka tashi cin abincin rana, ɗan yatsansa na shawagi a kan linzamin kwamfuta. Ya tuna siton Daktar, inda ya taɓa ganin ɗalibanta na juya kwalabe a tsugune. Ya tuna Baba da ya riga ya auna tagogin da igiya, yana cewa nan zai jera tulunan ƙwarinsa kafin ya yi ritaya. Ya kwafe ɗari tara da goma sha biyu. A gaban sunanta ya rubuta ɗari uku da tamanin.

Ranar zaman kwamiti shi ya haɗa majigi da kansa. Da shugaban kwamiti ya karanta sakamako, wani malamin lissafi mai bakin tsiya ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba mu suruki a ofishin ƙidaya, mu ma mu dangwala." Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Farfesa ya miƙe, ransa a ɓace. "Ranka ya daɗe, ban yarda a taɓa mutuncin yaron nan ba. Ɗana, buɗe nawa a nan, a bango, kowa ya gani da idonsa."

Ka ga ranar wanka, ba a ɓoyon cibi. Ƙidayau ya buɗe. Shafin ya fito a bango, faɗinsa ya kai ƙofa biyu. Ga ɗari tara da goma sha biyu ɓaro-ɓaro. Ga kuma ɗan akwatin a gefen hagu, wanda a ofis bai kai wake ba, yau ya kai tafin hannu, fari fat, ba komai a cikinsa. Ya tsaya yana jiran wani ya nuna. Ba wanda ya nuna. Manyan nan lamba suke kallo, ba su san aikin akwatin ba. Malamin lissafi ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Na janye, a yafe mini." Aka tafa. Farfesa ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Kibiyar linzami tana nan dab da akwatin, tazarar ɗan yatsa. Ya ja ta gefe, ya rufe shafin.

Yana naɗe igiyoyi bayan an watse sai ya ji an tsaya a bayansa. Daktar ce, takardunta a ƙirji.

"Malam Ƙidayau, sannu da aiki."

"Yawwa Dakta, ranki ya daɗe."

"Ba na gaya maka na taɓa ƙirga nawa da hannu ba? A nan na koyi aikin ɗan akwatin nan." Muryarta ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki. "Na gan shi yau. Wayam."

Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Farfesa ya koyar da ni a aji ɗaya. Shi ya fara nuna mini yadda ake leƙa madubin ƙara girma. Ba zan tsaya a gaban mutum ashirin in kunyata shi ba, ko da zan mutu a ƙarƙashin benen nan. Abu ɗaya nake so in sani. Shi ya sa ka?"

"Wallahi bai sani ba."

"Na yi zaton haka." Ta gyara riƙon takardunta. "To kai ka sani. Na bar ka lafiya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya a ɗakin taron shi kaɗai, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufe.

Da yamma yana cire takalmi Auta ta dube shi ta ce, "Abban yara, wa ya mutu?" Ya zaunar da ita ya faɗa mata tun daga soket ɗin majigi har maganar Dakta. Ta zuba masa shayi. Sannan ta ce, "Shi ya sa kake ba allunan baya." Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Kana ganin gata ka yi masa? Tsohon da ko biron ofis ya shigo aljihunsa sai ya mayar? Ni ba zan kai maka wannan saƙon ba. Bakin da ya yi shiru shekara huɗu shi zai je ya buɗe."

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi. Ya sami Baba a falo da takarda da fensir, yana zana yadda zai tsara sabon ɗakin.

"A'a, ɗana! Zo ka gani. Nan tuluna, nan ma'auni. Kai za ka ja mini wayoyin, ban yarda da kowa ba."

Ƙidayau bai hau kujera ba, ya durƙusa a kan darduma ya buɗe kwamfutar a kan ɗan teburi. "Baba, akwai abin da zan nuna maka." Ya buɗe shafin, ya bayyana masa akwatin da dokar kwamiti. Sannan ya taɓa. Ɗari tara da goma sha biyu ta koma ɗari da arba'in.

Farfesa ya gyara tabarau ya matso. "Sake." Ya sake. "Ita fa yarinyar ruwa?" Ya buɗe nata, ya taɓa akwatin: ɗari uku da tamanin, daidai da abin da ya rubuta a jadawali.

"Tun yaushe?"

"Tun allon farko. Na farkon kuskure ne, Baba. Sauran..."

"Sauran fa?"

"Na ga yadda ka yi murna."

Tsohon ya ajiye fensir a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi allunan uku, ya daɗe. "Duk wanda ya shigo gidan nan na nuna masa su. Mai kawo gas ma na nuna masa. Shekaranjiya na tashi a gaban kwamiti na yi rantsuwa da kai." Ya cire tabarau, amma wannan karon bai share ido ba, riƙe shi kawai ya yi. "Ɗari da arba'in ɗin nan nawa ne?"

"Naka ne, Baba. Halak malak."

"Mutum ɗari da arba'in a duniya sun karanta aikin ƙwarina sun amfana. Da ka kawo mini wannan tun farko, wallahi da na yi murna. Ya ishe ni. Kai ne ka ga bai isa ba." Ya nuna bango da haɓa. "Ɗauko kujera ka sauke su."

Ya hau kujerar nan tasa mai ba da baya, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Inda kowanne ya zauna fentin ya fi haske, tabo uku masu kusurwa huɗu suka bayyana a bangon.

Ranar Litinin Farfesa ya zaɓi ƙarfe goma, lokacin da ake sauya aji baranda ta cika maƙil. Yana gaba da sandarsa, Ƙidayau na biye da kwalin firinta, allunan sun leƙo ta sama kowa na karanta ruwan zinaren. Tafiyar ba ta fi ta minti biyar ba, amma Ƙidayau ya ce bai taɓa yin mai tsawonta ba. A ƙofar sito dole su biyun suka sunkuya. Daktar ta miƙe a ruɗe, hannunta da safar roba.

"Malam! Da ka aiko na zo."

"Mai laifi shi ke zuwa. Ga kayanki, shekara uku suna hannuna ban sani ba. Na rubuta wa kwamiti, ɗakin sama naki ne."

Ta dubi kwalin, ta dubi Ƙidayau da ya kafa ido a siminti. "Malam, ɗakin kam ina so, ɗalibaina sun gaji da tsuguno. Amma waɗannan sunanka ne a jiki, ina zan kai su?"

"Ki kife su ki ɗora kwalabe. Katakon mai kyau ne."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata.

Ƙidayau ma ya rubuta tasa takardar, shafi ɗaya, bai ɓoye komai ba. Ba a kore shi ba. An ba shi takardar gargaɗi, aka karɓe ƙidayar daga hannunsa aka ba mutum biyu, ɗaya na taɓa akwati ɗaya na kallo. Shi aka mayar da shi kan majigi da firinta. Sunan dai ya ƙi barinsa, har gobe Ƙidayau ake kiransa, kuma duk kira sai ya ji kamar an taɓa masa gyambo. Shi ya ja wayoyin sabon ɗakin na Dakta, ya yi aikin da ko mai hassada bai sami abin cewa ba.

Gidan Baba kuwa bai daina zuwa ba, duk Asabar shi da Auta da yara. Ana karɓarsa, ana kawo masa shayi. Tsohon ya hana a yi wa bangon fenti, tabon uku suna nan sama da talabijin, Ƙidayau kuma ya daina zama a kujerar da ke ba su baya. Abu ɗaya ne ya sauya. Ranar da ya fara komawa, Farfesa ya ɗago daga jarida ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Wata takwas ke nan, Malam ɗin ne dai. Auta ta ce ya yi haƙuri, ta san ubanta, fushinsa kamar ciwon ƙafarsa ne, yana daɗewa amma yana sauka. Makon jiya ma, in ji ta, da rediyonsa ya lalace ya buɗe baki ya ce "kira mini ɗa...", sai ya tsaya, ya yi tari, ya ce a kira mai gyara. Ƙidayau ne ya je ya gyara, da dalmar ubansa.

To, kai da ka zauna ka ji har ƙarshe, ga bango, ga mutum ashirin na tafi, ga hannun tsohon da ya fitar da kai daga akurki a kan kafaɗarka, ga kibiya dab da ɗan akwati. Tsakaninka da Allah, da ka taɓa?